A ba yaro rakoda ya ba da labarin gidansu a rediyo? Muhawara daga zauren masu saurare

Malama Rabi:
Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ina da maganar da nake so iyaye da waɗanda suka san aikin rediyo su sa mini baki a kai.

A watan Maris na 1993 wani mai shirya shirye-shiryen rediyo a Amurka, David Isay, ya damƙa wa wasu yara biyu rakoda da makirufo a birnin Shikago. Ɗaya LeAlan Jones, shekararsa 13, ɗayan kuma amininsa Lloyd Newman, shekararsa 14. Unguwarsu tana kudancin birnin, wajen gidajen gwamnati na Ida B. Wells, inda talauci da ƙwaya da harbin bindiga suka zama ruwan dare. Kwana goma yaran suka yi suna yawo da na'urar, a makaranta, a cikin bas, a gida, a bakin titi. Abin da suka ɗauko aka tace shi ya zama shiri na kusan rabin awa mai suna Ghetto Life 101, aka sa shi a gidan rediyon WBEZ. A ciki LeAlan ya zauna da mahaifiyarsa, wadda ke fama da lalurar ƙwaƙwalwa, ya tambaye ta wane ne ubansa. Sun kuma yi hira da mahaifin Lloyd, wanda giya ta riga ta ci ƙarfinsa.

Ni ke kula da ƙungiyar 'yan jarida ta makarantar da nake koyarwa. Aikinsu duk Litinin shi ne su kwafo kanun labarai su karanta a asembili: gwamna ya ce, minista ya ce. Babu labari ɗaya da ya taɓa yaron da ke tsaye a layi yana saurare. Shi ne nake tunanin in koya musu ɗaukar murya da waya, su kawo labarin gidajensu da unguwanninsu, mu nemi gidan rediyo ya ba mu fili. Ya kuka gani?

Alhaji na Kurmi:
Wa alaikumus salam. Malama, ina ganin girmanki, amma ban goyi bayan wannan ba. Ki sake karanta abin da kika rubuta. Yaro ɗan shekara 13 ya kai ciwon uwarsa da shaye-shayen uban abokinsa gidan rediyo, duniya ta ji. Mu tarbiyyar da muka tashi da ita, abin da ya faru a tsakar gida a nan yake tsayawa. Ko ɗan fari ma uwa ba ta kiran sunansa saboda kunya, balle ɗa ya tsare ta da tambayar wane ne ubansa a gaban na'ura. Addini kuma ya kwaɗaitar da mu rufin asiri, wanda ya rufa wa Musulmi Allah zai rufa masa. Ki koya musu karatu da rubutu mai kyau. In sun girma sun je jami'a, sai su yi aikin jarida.

Nas Hauwa:
Alhaji, Allah ya ƙara girma. Rufin asiri gaskiya ne, amma ni a asibiti nake, kuma ina ganin abin da shiru yake kashewa. Akwai wata yarinya a Afirka ta Kudu, Thembi Ngubane, daga unguwar Khayelitsha kusa da Cape Town. Tana da shekara 19 wani ɗan jarida, Joe Richman, ya ba ta rakoda. Ta yi kusan shekara guda tana ɗaukar rayuwarta da cutar ƙanjamau: zuwa asibiti, shan magani, renon 'yarta, har ranar da ta zauna ta gaya wa mahaifinta. An sa shirin a rediyon NPR na Amurka a 2006, a lokacin da mutum fiye da miliyan biyar ke ɗauke da cutar a ƙasar, da yawansu kuma suna ɓoyewa har ta kai su kabari. Thembi ta rasu a 2009, tarin fuka mai bijire wa magani ne ya yi ajalinta. Mu ma'aikatan lafiya muna iya yin shekara muna faɗakarwa, budurwa ba za ta saurare mu yadda za ta saurari tsararta ba. Ina da 'yan mata masu sikila da ke zuwa wurinmu, a makaranta ana ce musu raguwa saboda yawan fashi. Da ɗaya za ta faɗi yadda daren ciwo yake da bakinta, da an rage musu wannan gorin.

Alhaji na Kurmi:
Hajiya Nas, ki lura da bambanci. Wannan yarinya ta kai 19, kuma ciwon kanta ta faɗa. Jikinta ne, sirrinta ne, ita ta zaɓa. Shi kuwa yaron Shikago ciwon uwarsa ya faɗa, uwar da kika ji an ce hankalinta ba ya cika. Wa ya ba shi izini? Ita kanta ta san iyakar inda muryarta za ta kai?

Barista:
Wannan tambaya ta Alhaji ita ce ƙashin bayan maganar, kada a wuce ta da sauri. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta ce a sashe na 12 yaro yana da haƙƙin a ji ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi, sashe na 13 kuma ya ba shi 'yancin faɗar albarkacin bakinsa. Amma ita wannan yarjejeniyar, a sashe na 16, ta kare sirrin yaro da na iyalinsa da mutuncinsa. Duka biyun suna tafiya tare. Mu ma muna da dokar haƙƙin yara ta 2003. Don haka Malama, in za ki yi, yardar yaro kaɗai ba ta isa ba. Sai da yardar iyaye ko waliyyi, a rubuce, sannan duk wanda muryarsa za ta fita sai an gaya masa ƙarara cewa rediyo za a kai.

Baba Furodusa:
Na yi shiru ina karantawa. Na tsufa a ɗakin shirye-shirye, bari in ce wani abu.

Filin yara ba baƙon abu ba ne a gidajen rediyonmu. Mun yi shi shekara da shekaru. Amma yadda muke yi, mu manya mu rubuta, mu kira yara masu kaifin baki daga makarantu, su haddace, su zo su rera. Waƙar tsafta, kacici-kacici, gaisuwa ga Anti. Yaron yana magana, amma bakinmu ne a cikin bakinsa. Abin da Malama ta kawo daban ne, domin yaron ne ke zaɓar wanda zai tambaya da abin da zai tambaya.

Kuma akwai abin da ya biyo bayan shirin nan na Shikago wanda Malama ba ta ambata ba. A watan Oktoba na 1994, a wannan unguwa ta Ida B. Wells, wasu yara biyu, ɗan shekara 10 da ɗan 11, suka jefo wani yaro ɗan shekara 5, Eric Morse, daga hawa na 14, saboda ya ƙi sato musu alewa. 'Yan jaridar Amurka suka yi dafifi da kyamarori, bayan 'yan kwanaki suka watse. LeAlan da Lloyd suka sake ɗaukar rakoda, suka yi wata da watanni suna bin labarin gida gida. Suka yi magana da maƙwabta, da dangin yaran da suka yi kisan, da jami'ai. Mutane suka buɗe musu ƙofa domin 'ya'yan unguwa ne, an san iyayensu da kakanninsu. Shirin ya fita a 1996, ya samu kyautar Peabody, wadda tana cikin manyan kyaututtukan aikin rediyo da talabijin a Amurka. Ni da na yi aikin, na san ciwon ka je unguwa da motar ofis kowa ya kulle bakinsa. Yaron unguwa ba ya fama da wannan.

Alhaji na Kurmi:
Baba, kyautar wa ta amfana? Bature ya zo ya ɗebi talaucin mutane ya tafi da suna.

Baba Furodusa:
Alhaji, ba kai kaɗai ka faɗi haka ba. Tun a lokacin, a cikin Shikago ɗin kanta, akwai waɗanda suka soki shirin farko, suka ce an yi amfani da yara an ƙara ɓata sunan baƙar fata. Ba zan ce maganarsu banza ce ba, domin na san inda ƙarfin yake. Ƙarfin yana wurin mai tacewa. Yaro zai kawo maka hirar awa uku, kai za ka fitar da minti shida. A cikin awa ukun nan uban ya yi dariya, ya yi wa ɗansa addu'a, ya ba da labarin ƙuruciyarsa, sannan a wani wuri ya yi maganar maye. In ka ɗauki maye kaɗai ka zubar da sauran, ba ka ƙirƙiri komai ba, amma ka zalunce shi. Shi ya sa nake cewa duk mai son yin wannan aiki ya zaunar da yaron kusa da shi lokacin tacewa, yaron ya ce wannan a bari, wannan a cire. In yaro ya kawo murya ya tafi gida, babba ya yanka yadda ya so, to an mai da yaron ɗan aike.

Abdul Bronx:
Salamu alaikum daga New York. Ni ɗan zongon Kumasi ne, ina zaune a Bronx, kuma irin wannan shiri yana nan a garin nan tun 1999. Gidan rediyon WNYC ne ke yinsa, sunansa Radio Rookies. Suna zagaya unguwanni, su ɗauki matasa kaɗan, su koya musu aikin. Abin da zan ƙara a kan maganar Baba shi ne lokaci. Labari ɗaya na 'yan mintuna yana cin watanni. Yaro ya rubuta, a karanta tare, ya sake rubutawa, ya koma ya sake hira. Sannan ba a ɓoye shi a filin yara, ana sa shi cikin shirin labarai da manya ke saurare suna hanyar aiki. Na ji yara sun yi magana a kan zama ba takardu, da yadda 'yan sanda ke tare samari suna lalube su a titi, da zama da iyayen da ba su jin Turanci. Wannan na ƙarshen ya taɓa ni sosai, domin 'ya'yanmu a nan su ne tafintocinmu a asibiti da makaranta, kuma ba mu taɓa tambayarsu yadda nauyin yake a kansu ba. Shirin Radio Rookies ma ya samu Peabody a 2005.

Kan tambayar Alhaji, LeAlan Jones ya girma har ya tsaya takarar sanata a jihar Illinois a 2010 ƙarƙashin jam'iyyar Green. Lloyd kuma ya rasu a 2022, sikila ce ta yi ajalinsa.

Nas Hauwa:
Allah sarki. Ashe shi ma ɗan sikila ne.

Ɗan Maraɗi:
Ina gaida manya. Kun yi ta zuwa Amurka, bari in maido ku kusa. A Saliyo, tun yaƙin basasa bai gama lafawa ba, ƙungiyar Search for Common Ground ta buɗe ɗakin shirye-shirye mai suna Talking Drum Studio, suna da shiri wanda yara ke gabatarwa, Golden Kids News. Yara ne ke hira da yaran da aka tilasta wa ɗaukar bindiga. Akwai kuma ƙungiyar Children's Radio Foundation ta Cape Town, wadda daga baya ta koma Radio Workshop, sun horar da matasa a gidajen rediyon al'umma a Afirka ta Kudu da Zambiya da Tanzaniya da Kwango. Don haka abin ya daɗe da zama a nahiyar nan.

Mu a Nijar muna da rediyon karkara da yawa, tun daga na Bankilare a 1999, ga Studio Kalangou a Yamai tun 2016 yana shirye-shirye da Faransanci da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, ana rarraba wa gidajen rediyo. Kuma duk wanda ya san fada, wato majalisar hirar samari, ya san samari ba su rasa abin faɗa ba. A zauna ana dafa shayi, za ka ji maganar tafiya Libiya ko Aljeriya, maganar tiramol, maganar wanda ya bar lakkwal, wato makarantar boko, don babu kuɗin littafi. Wannan zance bai taɓa isa kunnen babba ba, domin da babba ya doso fada sai a canza magana.

Amma ina da tsoro ɗaya wanda mutanen Amurka ba su da irinsa. A wasu garuruwanmu, daga iyakar Maraɗi zuwa Katsina da Zamfara, yaro ya faɗi a rediyo abin da ya gani da dare, gobe ana iya zuwa gidansu. Ku tuna Malala Yousafzai. Tana da shekara 11 ta fara rubuta wa sashen Urdu na BBC labarin rayuwa a kwarin Swat a 2009, da sunan aro, Gul Makai. Daga baya aka san ko wace ce, a 2012 aka harbe ta a motar makaranta. Allah ya yi da sauran kwananta. Murya kuwa ta fi rubutu wuyar ɓoyewa, duk ƙauye ya san muryar ɗan wane.

Barista:
Haka ne. Maganar 'yan bindiga, dillalan ƙwaya da 'yan daba, kada a tura yaro. Ko sunan aro ba ya isa. Wannan aikin manya ne, su ma da taka-tsantsan.

Malama Rabi:
Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Akwai ɗalibata a zauren nan, yayarta ce ta sa ta, tun ɗazu take rubuto mini ta gefe. Ummi, ki yi magana, babu komai.

Ummi:
Ina wuni Baba, ina wuni Alhaji, ina wuni Anti. Ku yi haƙuri in na yi kuskure a gaban manya.

Ni abin da na ɗauka ba sirrin kowa ba ne. Ruwa ne. A layinmu famfo ya daɗe bai kawo ba, ni ce babba mace a gida, don haka ni ke fita bayan asuba in tare mai ruwa. In na yi sa'a na samu kura da wuri, in ban samu ba sai in bi layin rijiyar burtsatse. Ina isa makaranta an rufe ƙofa, a sa mu tsallen kwaɗo ko shara, a rubuta sunana cikin masu latti. Babu wanda ya taɓa tambayata me ya sa. Rannan na ari wayar yayata na kunna tun daga ƙofar gida. Ana jin ƙarar jarkoki suna karo a cikin kura, ana jin matan da ke rigimar layi, ana jin ƙanwata tana kuka don ba a yi mata wanka ba. Na tambayi mai ruwan daga ina yake turowa, ya gaya mini, ashe shi ma tun kafin kiran sallar farko yake fita. Na tambayi wata ƙawata da muke latti tare, ta ce ita sai ta kai awara bakin titi kafin ta taho.

Alhaji, ni ba na so in tona asirin gidanmu. Mamana ta saurara, ta ce in cire inda ta yi faɗa, na cire. Amma kullum a rediyo ina jin manya suna cewa 'yan mata ba sa son karatu, iyaye ba sa kula. Ni ina son karatu. Ina so wanda ke faɗar haka ya ji yadda safiyata take.

Alhaji na Kurmi:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Irin wannan ba ni da ja a kai. Kin nemi izinin mahaifiyarki, kin cire abin da ta ce ki cire, kuma abin da kika faɗa na jama'a ne. Maganata tana kan yaron da za a zuga ya fallasa iyayensa. A kan wannan ina nan inda nake.

Nas Hauwa:
Amma Alhaji, iyakar ba kullum take fitowa fili haka ba. Yarinyar da za a cire daga aji uku a yi mata aure, labarinta na gida ne ko na jama'a? Yaron da ubansa ya kai shi almajiranci yana ɗan shekara shida bai sake leƙo shi ba fa? Duk abin da ya fi ci wa yara tuwo a ƙwarya a cikin gida yake faruwa. In muka ce ruwa da shara da kwata kaɗai za su taɓa, mun sake rubuta musu abin da za su faɗa, kamar yadda Baba ya ce ana yi a da.

Alhaji na Kurmi:
To a kai wa mai unguwa, a kai wa liman, a kai wa dangi. Akwai hanyoyin gyara da ba sai an shela ba.

Nas Hauwa:
Ana kaiwa, Alhaji, wani lokaci a dace, wani lokaci a ce yarinya ta yi haƙuri.

Baba Furodusa:
Ku bari in shiga tsakani, domin a aikace akwai hanya. Labarin gida iri biyu ne. Akwai wanda mutanen gidan za su iya zama su saurara tare, ko da za a yi hawaye, su ce a sa. Wannan a sa shi, kuma sau da yawa shi ne mafi daɗin ji, domin rakoda tana ba yaro dalilin yin tambayar da kunya ta hana shi. Na taɓa ganin yaro ya tambayi kakarsa yadda aka yi yunwar 1973, tsohuwa ta yi ta magana har 'ya'yanta da suka haifi yaron suka zo suka zauna, su ma ba su taɓa ji ba. Akwai kuma wanda in ya fita yaron ba zai iya kwana a gidan ba. Wannan ba a sa shi da muryarsa. Ana iya haɗa labarin yara da yawa, a cire suna da unguwa, wani ya karanta. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne, bayan shekara goma, lokacin da yarinyar nan za a zo neman aurenta ko yaron nan zai nemi aiki, zai yi da-na-sanin wannan muryar? Yaro ɗan 15 ba ya hango wannan, aikin babba ne ya hango masa.

Kuma kada a ce ai WhatsApp kawai za a tura. Rediyo a da in an faɗa iska ta ɗauke. Yanzu abin da ya shiga waya ya shiga ke nan, ba ka da ikon janye shi.

Barista:
Ƙari ɗaya, Malama. Wata rana yaro zai kawo miki murya, ki ji a ciki ana dukansa fiye da kima, ko wani babba yana lalata da shi. A ranar kin tashi daga edita. Ba a sa wannan a iska, ba a kuma share shi a yi shiru. Tun kafin ki fara ki san wa za ki kira: shugaban makaranta, jami'in walwalar jama'a, asibiti. Ki kuma gaya wa yaran tun ranar farko cewa in kin ji abin da ke barazana ga lafiyarsu ba za ki riƙe shi ke kaɗai ba, don kada su ga kamar kin ci amanarsu.

Malama Rabi:
Na rubuta duka. Saura matsalar fili. Na je wani gidan rediyo mai zaman kansa a garinmu, suka karɓe ni hannu biyu, amma da aka zo maganar lokaci sai aka miƙo mini takardar farashi, minti goma sha biyar kuɗinsa ya fi ƙarfin makarantar gwamnati. Sun ce in nemo mai ɗaukar nauyi. Ina tsoron in ɗan siyasa ya biya, gobe yara su koma yi masa kirari.

Ɗan Maraɗi:
Malama, ku ba ku da rediyon al'umma ne kamar namu?

Baba Furodusa:
Muna da su amma kaɗan. Sai a 2015 gwamnatin tarayya ta amince da lasisin rediyon al'umma guda 17 a duk faɗin Najeriya. Abin da ya fi kusa da Malama shi ne rediyon jami'o'i, irin na Jami'ar Bayero a Kano da na Ahmadu Bello a Zariya. Suna da ɗalibai masu koyon aikin jarida waɗanda ke buƙatar abin yi, kowane ɗaya zai iya riƙe yaro ɗaya ya koya masa. Ki gwada can. Sannan 13 ga Fabrairu ranar rediyo ce ta duniya, gidajen rediyo kan nemi abin sawa na musamman a ranar. In kina da labarai uku gyararru a hannu, ki kai musu kafin lokacin. Shirin da aka gama ya fi sauƙin samun fili a kan alkawarin shiri.

Kayan aiki kuwa kada su tsorata ki. Waya ta isa. A riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, a ɗan karkace don kada iskar baki ta buga. A sa abin ji a kunne ana ɗauka, domin kunne yana yafe ƙarar janareta da fanka amma na'ura ba ta yafewa. In yaro zai karanta nasa bayanin, ya shiga ɗaki mai katifa da labule da kaya a rataye, ya rufe ƙofa, muryar za ta fito a zaune. Duk inda aka je a ɗauki minti ɗaya na ƙarar wurin ba tare da magana ba, za a buƙace shi wajen haɗawa. Manhajar tace murya ta Audacity kyauta ce, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta.

Abdul Bronx:
Ina da ƙaramar rakoda da ba na amfani da ita. In wani zai taho gida zan ba shi ya kawo wa Malama.

Alhaji na Kurmi:
Malama, in har za ki yi, ga sharaɗina a matsayin uba. Ki tara iyayen yaran kafin komai, ki yi musu bayani da bakinki. Kada a tura 'ya mace ita kaɗai wurin namiji da sunan hira. Kuma duk abin da za a sa, uwa ko uba ya fara ji. In an yi haka, kuɗin motar yaran zuwa gidan rediyo na zangon farko yana wuyana.

Malama Rabi:
Na gode, Alhaji, Allah ya saka da alheri. Sharaɗi biyun farko na karɓa. Na ukun zan karɓa in labarin ya shafi gidan. In ya shafi makaranta ko unguwa, ina ganin sanar da iyaye ya isa, don kada labarin latti ko na rashin kujeru ya maƙale saboda uba yana tsoron ɓata wa hedimasta rai. Za mu ƙarasa wannan a taron iyaye.

Baba Furodusa:
Ummi, na saurari abin da Malama ta turo mini. Ƙarar jarkokin nan da ita za ki buɗe, kada ki fara da gaisuwa mai tsawo. Amma labarin bai cika ba. Kin ji ta bakin mai ruwa da ƙawarki, ba ki ji ta bakin malamin da ke tsare ƙofa ba. Ki je ki same shi cikin ladabi, ki tambaye shi ko ya san dalilin lattin, da abin da dokar makaranta ta ce ya yi. Sannan ki nemi wanda ke kula da rijiyar burtsatsen, ki tambaye shi ƙarfe nawa yake kunna inji, me ya hana a kunna da wuri. Ki bar kowannensu ya gama maganarsa kafin ki sake tambaya, ko da ya yi shiru na ɗan lokaci.

Ummi:
To Baba. Malamin ƙofar ina jin tsoronsa. Zan iya tafiya da Malama ta tsaya daga nesa?

Baba Furodusa:
Ki tafi da ita, amma ke za ki riƙe wayar, ke za ki yi tambayar.